Matambayi Ba Ya Ɓata: Shafukan Ilimi da Al'adu da Suka Cancanci Datarka

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu ɗaya. Mutum yana da waya, yana da data, amma in ya gaji da hayaniyar Facebook da TikTok bai san inda zai dosa ba. Mun zaɓi takwas, duka daga Jos da kewaye. Masu amsawa su ne dai waɗanda kuka saba da su a wannan fili, ma'aikacin ɗakin karatu da malamar kwamfuta.

Assalamu alaikum. Ni tela ne. In na tashi daga aiki da dare nakan yi awa ɗaya ko biyu ina latse-latsen waya, data ta ƙare ban ƙaru da komai ba. Ina son tarihi da al'adun mutane, amma in na rubuta abu a Google sai in faɗa shafukan da talla ta fi rubutu yawa. Ta ina zan fara?
*Malam Auwalu, Unguwar Rogo*

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Shafukan da ke fara tare ka a Google da yawansu na masu neman kuɗin talla ne. Sun kwafo rubutun wani, sun yanka shi gunduwa-gunduwa, sun cusa talla a tsakani. Gidajen da ke riƙe da ainihin kayan, wato ɗakunan karatu da gidajen tarihi da jami'o'i, ba sa rububin jawo ka, kai za ka je musu. Kai da kake ɗinki ka san bambancin sayen yadi a wurin dila da sayensa a hannu na huɗu. To ka riƙa tambayar kanka: wa ke ajiye da wannan abin? Sai ka rubuta adireshinsa kai tsaye.

Fara da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A whc.unesco.org akwai jerin wuraren tarihi na duniya, ƙasa-ƙasa. Najeriya tana da biyu: Sukur da ke kan tsaunukan Madagali a jihar Adamawa, wanda aka sa a 1999, da kurmin Osun-Osogbo a 2005. Tsohon birnin Agadas na Nijar ya shiga a 2013. Shafi na biyu, ich.unesco.org, na al'adun da ake yi ne ba gine-gine ba. Can za ka ga bikin kamun kifi na Argungu da aka sa a 2016, da hawan sallar Kano a 2024. Kowace al'ada tana da hotuna, da ɗan fim na 'yan mintuna, da takardun da ƙasar ta miƙa. Takardun nan sun fi fim ɗin bayani, amma kaɗan ne ke buɗe su.

UNESCO ɗin dai ita ta fitar da babban tarihin Afirka, mujalladai takwas na asali, kuma kyauta ake sauke su. Rubuta General History of Africa UNESCO pdf. Kowane ya haura shafi 700, don haka kada ka ce za ka fara daga farko ka bi shi har ƙarshe, za ka gaji tun a zamanin duwatsu. Je ka mujalladi na 4 ka nemi babin Farfesa Mahdi Adamu a kan Hausawa da maƙwabtansu, sannan na 6 inda Murray Last ya yi babin daular Sakkwato da Borno.

In dare ya yi nisa ido ya gaji da karatu, akwai British Pathé a YouTube, rumbun tsofaffin finafinan labarai na Ingila. Rubuta Kaduna durbar 1956 ka ga hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila. Kalli dawakai da sutura da gine-gine, amma muryar mai sharhi ta zamanin mulkin mallaka ce, ka saurare ta da wannan a zuciya. Akwai kuma radio.garden, inda duniya ke fitowa kamar ƙwallo, ka juya ta da yatsa ka taɓa ɗigon kowane gari ka ji rediyonsa kai tsaye. Daga Unguwar Rogo sai ga ka a Damagaram ko Kartum.

Duk shafin da ya burge ka, taɓa ɗigo uku na saman Chrome ka danna tauraro don ya ajiye adireshin. Gobe daga nan za ka fara, ba daga Google ba.

Ni malamar firamare ce. Ina son nuna wa ɗalibaina hotunan gumakan Nok, amma wani shafi ya ce shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa aka yi su, wani ya ce 1500. Wanne zan ɗauka, kuma a ina zan sami hotunan da zan iya bugawa?
*Malama Rabi, Gangare*

Malama, dukkansu ba ƙarya suka yi ba, ɗaya ne ya tsufa. An fara tono waɗannan sassaƙe-sassaƙe na yumɓu a 1928 wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Kaduna ta yau. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi, wani kan gunki daga Jama'a, wanda wani ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye. Fagg ne ya gane cewa al'umma ɗaya ce ta yi su, kuma shi ya kafa gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Lissafin da aka daɗe ana amfani da shi ya ce daga wajen 500 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 200 bayanta. Daga 2005 masana daga jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus suka shiga tono, suka mayar da farkon al'ummar baya zuwa wajen 1500, ko da yake sassaƙar kanta daga baya ta bunƙasa. Shi ya sa a kowane shafin tarihi abu na farko da za ki nema shi ne shekarar da aka rubuta shi.

A kan hotuna kuma sai an yi hattara. Yawancin kyawawan hotunan Nok da ke yawo a intanet daga shafukan dillalan kayan tarihi da 'yan gwanjo suke. An wawushe kayan Nok da yawa an fitar da su ta ɓarauniyar hanya, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ta gargaɗi mutane kada su saya, kuma akwai jabu birjik. Hoton da za ki amince da shi shi ne wanda ke shafin gidan tarihi, da lambar rajista, da tsawonsa, da inda aka samo shi, da yadda ya shigo hannunsu. In babu layin nan na ƙarshe, ki sa alamar tambaya.

Gidan tarihin Met na New York yana da gajeren bayani a kan Nok a metmuseum.org, sai dai tsohon lissafin shekarun ne a kai. Tun 2017 suka saki dubban ɗaruruwan hotunansu kowa ya yi amfani da su kyauta, cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian a Amurka ma ta yi haka a 2020. Ki duba ƙarƙashin hoton ki ga ko an rubuta Public Domain ko CC0, shi ne izinin bugawa. Don darasin tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, digitalbenin.org ya tattara sama da kaya 5,000 daga gidaje 131 a ƙasashe 20. A Google Arts & Culture kuma akwai shafuka sama da 40,000 na rubuce-rubucen Tumbuktu.

Amma ke da kike Gangare, Malama, ainihin kayan suna nan kusa da ke. Ki kai yaran gidan tarihi su gani da idonsu, ku zarce ɓangaren gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi masallacin Juma'a na Zariya da ganuwar Kano.

Ina aji uku a jami'a. An ce mana archive.org cike yake da tsofaffin littattafai a kan Bauchi da Filato, amma in na bincika ba na samun abin kirki. Me nake yi ba daidai ba?
*Nasiru, Farin Gada*

Abu biyu ne, Nasiru, kuma kusan kowa yana faɗawa cikinsu.

Na farko, kana nema da sunayen yau, su kuwa Turawan da suka rubuta littattafan yadda kunnensu ya ji suka rubuta. Clapperton, wanda ya iso Kano da Sakkwato a 1824, Sackatoo da Kashna yake rubutawa. Zazzau tana fitowa a Zegzeg. Birnin Bauchi a tsofaffin taswirori Yakoba ne ko Jacoba, daga sunan Sarki Yakubu. Kalmar Hausa kanta ka gwada Haussa, Houssa, da Haoussa ta Faransanci. Tsaunukan da muke zaune a kai Bauchi Plateau ake ce musu, sai a 1926 aka yi lardin Filato, kuma a rubuce-rubucen farkon haƙar kuza za ka fi cin karo da Naraguta fiye da Jos. Haka sunayen ƙabilu: Berom za ka same su a Birom, Ngas a Angas, Mwaghavul a Sura, Tarok a Yergam, Goemai a Ankwe. Wasu daga cikin sunayen nan masu su ba sa son su yanzu. Ka yi nema da su, amma a rubutunka ka sa sunan da mutanen ke kiran kansu.

Ga wani tarko: in ka ga Abuja a littafi ko taswirar da ta girmi 1976, Suleja ta yau ake nufi. A shekarar aka yi dokar kafa babban birnin tarayya, tsohon garin ya bar wa sabon sunan.

Na biyu, akwatin binciken archive.org iri biyu yake aiki. In ba ka taɓa komai ba, sunan littafi da na marubuci da ɗan bayaninsa kawai yake dubawa. Sai ka zaɓi Search text contents kafin ya shiga cikin shafukan. Littafin da ke da babi guda a kan Naraguta amma sunansa a kan kuza ne gaba ɗaya, ta hanyar farko ba za ka taɓa ganin sa ba. In ka buɗe littafin, akwai wata alamar bincike a gefe da ke nuna maka kowane shafin da kalmar ta fito.

Wajen saukewa, PDF hoton shafukan ne, yana iya kai wa megabait 30 ko fiye. Full Text ƙarami ne ƙwarai, amma na'ura ce ta karanto shi daga hoton, kuma tana kwafsawa, musamman a Hausa da lambobi. Ka yi nema da Full Text, ka ɗauko magana daga PDF. Ka kuma sani tsofaffin littattafan Hausa, irin ƙamus ɗin Robinson na ƙarshen ƙarni na 19 ko tatsuniyoyin da Rattray ya buga a 1913 da ajaminsu a gefe, sun riga haruffa masu lanƙwasa zuwa, kuma suna ninka baƙaƙe inda mu ba ma ninkawa. In kalma ta ƙi fitowa, gwada rabinta. Sababbin littattafai kuwa aro ake ba da su ga mai rajista, yawanci na awa ɗaya, kuma an cire da yawa bayan shari'ar da kamfanonin ɗab'i suka yi nasara a Amurka.

Ga dabaru uku na Google da za su rage maka wahala. Sa jimla tsakanin alamun zance, "Bauchi Plateau", don ya kawo kalmomin a jere. Ƙara filetype:pdf don ya kawo takardu kawai. Ƙara site:edu.ng don ya tsaya a jami'o'in Najeriya. Don muƙalu, scholar.google.com, in wadda kake so ta kuɗi ce, danna All versions a ƙarƙashinta, sau da yawa akwai kwafin kyauta a shafin jami'ar marubucin. JSTOR yana barin mai rajistar kyauta ya karanta muƙala har 100 a wata, ba tare da saukewa ba. Mujallun Afirka suna ajol.info. In harsunan Filato ne damuwarka, masanin harsuna Roger Blench ya zuba ƙamusoshi da jerin kalmomi na da yawa daga cikinsu a shafinsa, sai dai wasu ya rubuta a kansu cewa ba a kammala ba, ka faɗi haka in ka ambace su.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Hausa nake karantawa da ajami. Yara sun saya mini babbar waya. Akwai abin da zan ƙaru da shi da harshena, ko sai mai Turanci?
*Alhaji Musa, Dilimi*

Akwai, Baba, ko da yake gaskiya bai kai na Turanci ko Larabci yawa ba, kuma sai an tsince tsakuwa.

Wikipedia tana da sashen Hausa a ha.wikipedia.org. 'Yan sa kai ne ke rubuta shi, kowa na iya gyarawa. Wasu maƙalun an yi su da kyau. Wasu kuwa na'ura aka ba Turanci ta juya aka manna ba a duba ba. Za ku gane su nan take: ana maganar mace sai ku ji "ya tafi", ko a fassara sunan mutum kamar kalma, ko jimla ta yi ta tafiya ba ta isa ko'ina ba. In kun ga haka ku wuce. In maƙalar ta karantu, ku gangara ƙasa ku ga ko an jera manazarta. Wadda ba ta da ko ɗaya, hira ce.

Amsoshi.com ya fi ƙarfi a adabi da al'ada: waƙoƙin baka da rubutattu, karin magana, sarautu, sana'o'in gargajiya, da muƙalun malaman jami'a da Hausa. A nan ma ku fifita rubutun da ke ɗauke da sunan marubuci da makarantarsa. Sassan Hausa na BBC, wanda ke aiki tun 1957, da DW da RFI, ban da labarai suna da shirye-shiryen tarihi da lafiya da noma da ake iya saurara a kowane lokaci. DW tana da Ji Ka Ƙaru, da Tushen Afirka mai kawo tarihin mutane irin su Bayajidda.

A quran.com akwai tarjamar Hausa ta Sheikh Abubakar Gumi. A shiga wurin saituna, a taɓa Translations, a rubuta Hausa, a zaɓa. Daga nan kowace aya za ta fito da ma'anarta a ƙasa. Masu karatunmu Kirista kuma za su sami Littafi Mai Tsarki da Hausa a bible.com.

Ajami kuwa, a nan ne kuka fi 'yan boko. Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hoton dubban shafukan ajami daga hannun malamai da iyalansu, har da na Hausa, ta zuba su kyauta. Ku sa yaro ya rubuta African Ajami Library Hausa, ya ajiye muku adireshin. Babban ɗakin karatun Ingila ma, a eap.bl.uk, yana da hotunan rubuce-rubucen hannu daga arewacin Najeriya, ciki har da waƙoƙin Fulatanci na zamanin Shehu Usmanu. Bayanin da ke kewaye da Turanci yake, amma da zarar shafin ya buɗe tawada ce da alƙalami irin wanda kuka sani. Ku buɗa shi da yatsu biyu ya ƙara girma.

Wajen nema da Hausa, a gwada kalma sau biyu, da lanƙwasa da babu: ƙasar Hausa da kasar Hausa, ɗan kasuwa da dan kasuwa. Marubuta da yawa ba sa sa lanƙwasar, sakamakon yakan bambanta. Chrome yana iya juya shafin Turanci zuwa Hausa, kuma ya isa a gane inda magana ta dosa. Amma ban da hukuncin addini, ban da awon magani, ban da takardar fili. Waɗannan a nemi mutum.

'Ya'yana uku, daga aji biyu na firamare zuwa aji biyu na ƙaramar sakandare. Zane mai motsi kawai suke kallo. Me zan ba su a maimakonsa?
*Maman Hanifa, Bukur*

Ga ƙananan, africanstorybook.org. Wata ƙungiyar ilimi ta Afirka ta Kudu ce ke tafiyar da shi, littattafan labarai ne masu hotuna a harsunan Afirka. Wajen zaɓen harshe za ki ga Hausar Najeriya daban, ta Nijar daban. An kasa su mataki 1 zuwa 5, daga kalmomi ɗai-ɗai zuwa dogon labari. Kuskuren iyaye shi ne zaɓa wa yaro mataki bisa ajinsa. Ki fara da na ƙasa. In ya karanta shafi bai yi tuntuɓe fiye da sau biyu ba, ki hau na gaba. Ana sauke kowane littafi a PDF, har da tsarin bugawa a ninke kamar ɗan littafi. StoryWeaver da Bloom Library su ma suna da na Hausa. Ki riga su karantawa, don wasu fassara ce kuma ba duka aka tace ba.

Ga babban, phet.colorado.edu. Gwaje-gwajen kimiyya ne da lissafi da yaro ke taɓawa da hannunsa: ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila ya ga ta kama, ya ƙara batir ya ga abin da zai faru. Ana sauke kowane gwaji ya yi aiki ba data. Khan Academy ya fi kyau a lissafi, kyauta ne, da Turanci. Tsarin ajin Amurka yake bi, don haka aji biyu na ƙaramar sakandare ya yi daidai da grade 8, amma jerin darussan bai zo ɗaya da namu ba. Ki duba littafinsa na makaranta ki nemi darasin da suna.

Ki sauke da kanki, ki kashe data, sannan ki miƙa wayar.

Duk wannan da kuke faɗa data yake ci. Mu a unguwarmu ma sabis sai an hau dutse.
*Ɗanlami, Rikkos*

Bidiyo ne ke cinye data, Ɗanlami, ba karatu ba. Awa ɗaya ta YouTube a 720p tana cin kimanin gigabait ɗaya ko fiye. A 360p kimanin megabait 300 ne. In lacca ce ko hira, inda murya ake bukata, sauke shi zuwa 144p ta wurin alamar saituna a kan bidiyon. Sauti zalla irin na rediyo yana cin wajen megabait 30 a awa. Gigabait ɗin da fim ɗaya zai lashe ya ishe ka buɗe ɗaruruwan shafukan rubutu.

Ka raba lokacin ɗiba da lokacin karatu. In ka sami sabis mai ƙarfi, ko datar dare mai arha, buɗe shafin a Chrome, taɓa ɗigo uku, danna kibiyar da ke kallon ƙasa. Zai ajiye shi a Downloads. Hanyar da ta fi ƙarko ita ce Share, sai Print, sai Save as PDF, domin wannan kana iya tura wa wani. Kafin ka ajiye, gangara har ƙarshen shafin. Shafuka da yawa ba sa loda hoto sai an iso kansa, in ka yi gaggawa sai ka tarar da ramuka. Ka kuma sa wa fayil suna nan take, in ba haka ba bayan wata guda kana da abu hamsin duk sunansu document.

Akwai manhajar Kiwix, wadda ke ɗauke Wikipedia gaba ɗaya ta zauna a wayarka ba intanet. Ta Turanci da hotunanta ta kai wajen gigabait 100, wannan ba ta waya ba ce. A cikin manhajar ka tace da harshe ko fanni, ka ɗauki ta Hausa, ko ta likitanci ko lissafi kaɗai, ka zaɓi wadda aka rubuta nopic, wato ba hotuna. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender. In za ka sa a katin memori, ka saya a wurin wanda ka yarda da shi. Katin jabu yana nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai karɓi fayil ɗin lafiya lau, sai ka zo buɗewa ya ce ya lalace.

Ana yawan turo mana adireshi a WhatsApp, wai karatu kyauta da satifiket. Yaya zan gane na gaskiya? Kuma wani shafin tarihi da nake so ya daina buɗewa.
*Hauwa'u, Tudun Wada*

Karanta adireshin daga dama, Hauwa'u. Abin da ke gab da layin karkace na farko shi ne mai gidan. Wanda ya ƙare da nou.edu.ng na jami'ar karatu daga gida ce, wadda hedikwatarta ke Jabi a Abuja, kuma littattafan darussanta kyauta ake sauke su. Wanda ya fara da sunan jami'ar amma ya ƙare da wani abu daban, ba nata ba ne. Ba kowa ake ba edu.ng da gov.ng ba, amma org da com kowa na iya saya. Alamar kwaɗo a gefen adireshi tana nufin hanyar a rufe take daga masu leƙe, ba ta nufin mai shafin mutumin kirki ne. Shafin da ya ce sai kin tura wa mutum goma kafin ki ci gaba, ko ya nemi BVN ko lambar da aka turo miki ta saƙo, ki rufe shi. Shafukan ilimi na gaske imel kawai suke nema, wasu ma ba sa neman komai. In hoto ne kike shakka, Google Lens zai nuna miki inda ya taɓa fitowa. In labari ne, duba shafukan tantance labarai na Dubawa ko Africa Check.

Shafin da ya mutu kuma, kwafi adireshinsa ki manna a web.archive.org. In sun taɓa ɗaukar hotonsa za ki ga kalanda da ranaku masu da'ira. Ki zaɓi ranar da ta riga mutuwarsa da shekara ɗaya ko biyu, don na ƙarshe-ƙarshen sau da yawa tallar mai sayar da adireshin ce kawai.

Kakata tana nuna mana Kaza da 'Ya'yanta a sama. Akwai shafin da zai nuna mini ita?
*Sadiya, Nasarawa Gwom*

Akwai: stellarium-web.org. Ki ba shi izinin sanin inda kike, ko ki sa Jos da hannu, in ba haka ba zai nuna miki saman wani gari. Bai san sunayenmu ba, don haka ki rubuta Pleiades don Kaza da 'Ya'yanta, Venus don Zara. Kazar tana fitowa ta gabas bayan magariba daga wajen Nuwamba, kuma ana ganin ta da farkon dare har zuwa Maris. Ki kunna jan haske na shafin don kada farin allo ya kashe miki ido, ki ba idon minti goma a duhu. Daren da hazo ya yi kauri ba za ki ga komai ba, ki jira ya washe, ki ɗauki rigar sanyi.